Tafinta Ba Ta Auren Kafinta

"Na faɗa, kuma zan maimaita. Tafinta ba ta auren kafinta!"

Hedimasta ne ke magana, yana ƙwanƙwasa teburin falo da jan biro. Shekara shida ke nan da barinsa shugabancin makaranta, amma bai yarda ya ajiye biron nan ba, kuma kaf unguwar ba wanda ke kiransa da wani suna sai Hedimasta.

'Yarsa Auta tana durƙushe gefen kujera, bakin mayafinta ya jiƙe da hawaye.

"Baba, harafi ɗaya ne fa tsakaninmu."

"A kan harafi ɗaya na sha kayar da yaro a jarrabawa."

Auta tafinta ce a wani kamfanin jigilar kaya, tana juya Faransanci zuwa Hausa. A bakin mahaifiyarta ta koya, don marigayiyar 'yar wata ƙasa ce da ake Faransanci. Shekara uku da suka wuce Kaka, wato uwar marigayiyar, ta dawo gidan da zama bayan rasuwar mijinta. Tun zuwanta ba a taɓa jin ta furta kalmar Hausa ba. Da Auta kaɗai take hira. Kuma ta riga ta yanke hukunci cewa duk gidan da aka kai Auta, da ita za a tafi.

"Ki saurare ni da kyau," in ji Hedimasta, muryarsa ta ɗan sauka. "Na yi wa mahaifiyarki alkawari a gadon asibiti cewa tsohuwar nan ba za ta wulaƙanta ba. Ke kina fita aiki tun safe. In kai ta gidan da za ta wuni kamar kurma, mai gida na buga ƙusa ita tana kallon bango? Ga ɗan aminina, Mai Turare, yaro ya fita waje, yana zuba Faransanci kamar famfo."

"Kwana tara ya yi a can, Baba, sarin kaya ya je. Wallahi rubutun jikin kwalba yake haddacewa."

"So ya toshe miki kunne. Ni da idona nake ganin kakarki tana dariya har da hawaye duk ranar da ya zo gaishe ta."

"Ai shi ya sa take dariyar!"

"Ya isa!"

Auta ta rushe da sabon kuka. Ta rarrafa ta kama ƙafar wandonsa.

"Baba, ban taɓa yi maka musu ba. Ka ce in yi karatu na yi. Ka ce in bar sa takalmi mai tsini na bari. Amma in ka raba ni da Kafinta, gangar jikina kawai za ka kai gidan Mai Turare. Ni ko warin shagonsa ciwon kai yake sa ni."

Kaka na can kusurwar falo a kujerarta, tabarau a kan hanci, tana fifita da mafici, kamar ba da ita ake ba.

Hedimasta ya daɗe yana juya biron. A duniya ba abin da ya tsana kamar a ce bai yi adalci ba.

"To, shi ke nan. Za a yi jarrabawa. Asabar ta sama, ƙarfe huɗu na yamma, su biyun su zo. Kowa zai yi hira da kakarki minti biyar. Ke za ki zauna kusa da ni ki riƙa raɗa mini fassara a kunne, ba ƙari ba ragi. Wanda ya ci, shi na ba."

"Sati biyu kawai, Baba?"

"Sannan ki rantse ba za ki koya masa ko kalma ɗaya ba. Ba na son satar amsa."

Ta ɗago jajayen idanu ta dube shi. Ba alamar wasa a fuskarsa.

Ta rantse.

* * *

Shagon Kafinta rumfar kwano ce a bakin titi, cike da katako da ƙafafun gadon da ba a haɗa ba. Yana tsakiyar yanka da zarto ya hango ta. Tun daga tafiyarta ya san ba lafiya.

Ta zayyana masa komai tana share ido. Ya cire fensirin da ke bayan kunnensa, ya duba shi, ya mayar.

"Faransanci?" ya ce. "Auta, ni da Turancin ma muna gaisawa ne daga nesa."

"Na sani."

"Ba za a iya canza jarrabawar ba? A ba mu katako ni da shi, kowa ya yi wa Kaka gado."

"Kar ka sa ni dariya ina kuka, don Allah."

"To ki koya mini. Kullum kalma goma, ai kaina ba na dutse ba ne."

Ta girgiza kai, hawaye na sauka kan garin katako.

"Na rantse wa Baba. Ko 'sannu' ba zan iya gaya maka ba. Ka ga ni nan, bakina cike da abin da zai cece mu, amma an sa masa kwaɗo. Jiya ko abinci ban ci ba. Na duba madubi na ce, Auta, amfanin me karatunki ya yi miki?"

Kafinta ya ji zuciyarsa kamar an sa mata guduma. Ya goge benci da gefen rigarsa ya ce ta zauna, ta ƙi.

"Ki daina kukan nan. Shekara biyu ina bin layinku, karen maƙwabcinku ya yaga mini wando sau biyu ban fasa ba. Yare ne zai kore ni? In ta kama in haɗiye ƙamus da ruwa, zan haɗiye."

"In ka faɗi fa?"

"Ba a fara gini da maganar rushewa."

Ta tsaya tana kallonsa kamar yau ne ganin ƙarshe, sannan ta juya da sauri ta tsaida mota.

Motar na tashi, duk jarumtar ta zube. Kafinta ya zauna daɓas ya dafe kai da hannu biyu.

"Kai, ɗana."

Ya ɗago. Ashe wani tsohon direba da ya kawo gyaran kujera yana zaune bayan tarin katako, ya ji komai.

"Shekara talatin ina jan tirela zuwa ƙasashen nan," in ji tsohon yana gyara hula. "Ba shingen jandarma, wato 'yan sandan can, da bai san ni ba. Faransanci? A aljihuna yake. Kawo shayi mu fara."

* * *

Kullum da hantsi Baba Direba zai zo, a kawo masa shayi da burodi, Kafinta ya ɗauko guntun katako da fensir ya riƙa rubutawa yadda kunnensa ya ji.

"In ka shiga, ka ce bonjur."

"Bonjur."

"Ka ƙara da shef. Duk wanda ya fi ƙarfinka a can, shef ne. Ba ka taɓa yin asara da shef."

"Ko tsohuwa ce?"

"Tana da iko a kanka ko ba ta da shi?"

Kafinta ya rubuta shef.

"In kana tambayar lafiya, ka ce sa ba. Shi ma zai ce sa ba. Magana ta ƙare."

"Tambayar da amsar duk ɗaya?"

"Mutanen ba sa son ɓata lokaci."

"In namiji ne babba fa, me zan kira shi?"

"Mushe."

Kafinta ya ajiye fensir. "Haba Baba Direba! In dubi mutum da ransa da lafiyarsa in ce masa mushe?"

"Girmamawa ce. Ni an kira ni mushe ya fi sau dubu, ga ni ina shan shayi."

Da aka zo kan sallama ma sai da aka yi rigima. Tsohon ya ce in za a tafi ana cewa o rabuwa. Kafinta ya rantse bakinsa ba zai ambaci rabuwa a gidan su Auta ba, ko da wane yare ne. Aka tsallake wannan.

Ya koyi mersi boku, wato na gode ƙwarai. Ya koyi silbufile, wato don Allah. Ya koyi ƙirga daga an, de, turwa, har zuwa dis. Yana buga ƙusa yana ƙirgawa, yana wanka yana gaida bokiti. Mahaifiyarsa ta ji shi a banɗaki yana ta "sa ba, sa ba," ta aika a tambayo ko ƙusa ya taka ta taɓa masa kai.

Ran nan wata mata ta zo tambayar kuɗin kabad. Ya faɗa mata, sannan don gwaji ya ƙara da "se tiro she." Matar ta taɓa zama a can. Ta ce, "Tunda kai da bakinka ka ce ya yi tsada, ni me zan ce?" Ta yi gaba.

Ana saura kwana biyu, Baba Direba ya matso da bencinsa.

"Yanzu ga babban sirri. Tsohuwa ba ruwanta da dogon Turanci. Ka ci abincinta, ka gama da ita. In ta nuna maka tukunya, ka ce je fam. Wato ina jin yunwa."

"Je fam."

"Za ta ce kombiyan, wato nawa. Cokali nawa za a zuba maka ke nan. Kar ka ji kunya, ka faɗi da yawa. Duk abin da ta tambaya bayan nan, nama ne ko miya. Ka ce boku, mersi."

"In kuma abu ya ɓaci fa?"

Tsohon ya kurɓi shayi.

"Akwai wata magana da nake ajiyewa don ranar da jandarma ya fusata. Ta fid da ni daga ɗakin tsaro sau biyu. Juya katakon ka rubuta a baya."

* * *

Ranar Asabar ƙarfe huɗu saura, Hedimasta ya jera kujeru kamar ɗakin jarrabawa. Ya ajiye agogo da takarda a gabansa. Auta na gefensa, idanu sun kumbura. Kaka na tsakiya, ga tukunyar shinkafa da miya a kan ƙaramin tebur kusa da ita.

Ƙamshin Mai Turare ya riga shi shigowa da kusan minti guda. Ya shigo da kwat da takalmi mai ƙyalli, ya miƙa wa Kaka kwalbar turare a cikin kwali. Kafinta ya biyo baya da sabuwar riga wadda ko karin guga bai bar ta ba, yana motsa baki shi kaɗai.

"Ɗan aminina zai fara," in ji Hedimasta. Ya danna agogo.

Kaka ta gyara tabarau. "Comment allez-vous, mon fils?"

Mai Turare ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya karkace baki. "Eau de parfum, madame. Pour homme. Voilà."

Kafinta ya saki baki. Maganar ta fita sumul kamar a rediyo.

Auta ta sunkuya kunnen mahaifinta. "Ta ce yaya kake, ɗana. Ya ce ruwan turare, na maza."

Hedimasta ya harare ta.

Kaka ta sake tambaya. Mai Turare ya amsa har da kaɗa hannu.

"Ta ce ina iyayenka. Ya ce kar a fesa kusa da wuta."

"Ki ji tsoron Allah," Hedimasta ya ce ƙasa-ƙasa.

Kaka ta nuna Auta da mafici. "Vous aimez ma petite-fille?"

Mai Turare ya dafa ƙirji ya lumshe ido. "Tenir hors de portée des enfants."

"Ta ce kana son jikata. Ya ce a ajiye inda yara ba za su kai ba."

Kaka ta kife da dariya, kafaɗunta na rawa. Hedimasta ya dubi dariyar, ya dubi 'yarsa, ya rubuta tara bisa goma. "Ni za ki yi wa wayo," ya ce. "Na gaba!"

Kafinta ya miƙe. Ya tsaya ƙyam gaban tsohuwar, ya ƙame.

"Bonjur, shef!"

Kaka ta leƙo shi ta saman tabarau. Ta waiwaya bayanta ko akwai wani.

"Bonjour," ta ce.

"Sa ba?"

"Ça va. Et toi?"

"Sa ba!"

Ta gyaɗa kai. Kafinta ya ji kamar ya yi sujada a wurin. Abin na aiki! Ya saci kallon Auta, ya ga ta dafe ƙirji.

Kaka ta nuna masa tabarma, ya zauna. Ta buɗe tukunya, tururi ya tashi, ta dube shi. Ga dama ta samu. Ya ja numfashi, ya washe baki.

"Je fam, shef."

Ludayin ya tsaya a hannun Kaka. "Tu as une femme?"

"Wi! Je fam."

Auta ta runtse ido. Ta gane sarai abin da ya faru. Yunwa yake son faɗa, bakinsa ya zame ya faɗi mata. Tsakanin kalmomin biyu bai fi a ɗan toshe hanci ba. Amma ta rantse, ba ƙari ba ragi.

"Me ya ce?" in ji Hedimasta.

Ta raɗa masa. "Ya ce yana da mata."

Hedimasta ya gyara zama.

"Combien?" in ji Kaka.

Daidai yadda Baba Direba ya faɗa! Kafinta ya ɗaga yatsu. "Turwa."

Auta ta shiga shafa cikinta da sauri tana zaro masa ido, ko zai gane ya nuna cikinsa. Shi kuwa ya ɗauka cewa take ya ƙara, kar ya ba tsohuwa kunya.

"No, no. Katar!" Ya ɗaga yatsu huɗu.

"Ya ce uku," Auta ta raɗa, hawaye na zuba. "Ya ce a'a, huɗu ne."

Idanun Hedimasta suka firfito. Kafinta ya gani, ya ce a ransa, mamaki ya kama tsoho, bai zaci zan kai haka ba.

Kaka ta ajiye ludayi. "Et des enfants?"

Nama ke nan, in ji Kafinta a zuci. "Boku, shef! Boku, boku. Mersi!"

"Ta ce 'ya'ya fa," Auta ta faɗa cikin shessheƙa. "Ya ce da yawa. Da yawa ƙwarai. Ya gode."

Hedimasta ya miƙe har agogon ya faɗi ƙasa.

"Mata huɗu! Mata huɗu da garken 'ya'ya, ka zo gidana neman 'yata? A ina za ka sa ta, a kan rufi?"

Kafinta ya waiga hagu da dama. "Wa ke da mata huɗu, ranka ya daɗe?"

"Kai! Yanzu ka faɗa da bakinka!"

"Ni? Wallahi shinkafa nake nufi! Cokali huɗu! Ni ko akuya mace ban ajiye ba, a tambayi mahaifiyata!"

Mai Turare ya kwashe da dariya yana buga cinya. "Voilà! Baba, ai na gaya maka. Yare ba katako ba ne."

Auta ta kife kai a gwiwa tana kuka mai sauti.

Hedimasta ya buɗe baki zai ci gaba, sai ya tsaya. Ya dubi 'yarsa. Shekara talatin da biyar yana kama masu satar amsa, ya san ba a satar amsa don a faɗi. Yarinyar da ta fassara abin da zai kashe mata aure, ba ta rage ko harafi ba, me zai sa ta yi ƙarya a na farkon?

Bai gama tunanin ba Kaka ta zaro kwalin turaren da aka kawo mata. Ta ɗaga shi saitin tabarau, ta fara karantawa da ƙarfi, a hankali.

"Eau de parfum. Pour homme."

Dariyar Mai Turare ta ɗauke.

Ta juya bayan kwalin. "Tenir hors de portée des enfants."

Hedimasta ya karɓi kwalin. Bai iya yaren ba, amma ya iya bin layi. Ya bi rubutun da jan biro, kalma bayan kalma, har ƙasa.

"Kai, ɗan aminina. Ce wa tsohuwar nan ina wuni."

Mai Turare ya duba agogon hannunsa. "Baba, na tuna na bar kaya a tasha."

Ƙamshinsa ya ƙara minti goma a falon bayan fitarsa.

Hedimasta ya soke tara bisa goma, ya zana ƙaton sifili. Ya zana wani a ƙasa.

"Duk kun faɗi. Kai ma tashi ka ba ni wuri."

Kafinta ya miƙe jiki a sanyaye. Ya kai bakin ƙofa, ya ji kukan Auta a bayansa, ƙafarsa ta ƙi tafiya. Ya juyo, ya dawo gaban Kaka ya durƙusa. Zufa na ɗiga daga haɓarsa. Abu ya ɓaci, saura ta bayan katako.

"Fardo, madam," ya ce a hankali. "Ji ni kwamfuran fa. Dusuma, silbufile."

Ba wanda ya tambaye ta, amma Auta ta ɗago ta fassara da ƙarfi. "Ya ce ki yi haƙuri. Ban gane ba. A hankali, don Allah."

Kaka ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ajiye mafici. Ta dafa cikinta.

"Faim."

Ta toshe hancinta da yatsu biyu ta sake faɗa. Ta nuna Auta.

"Femme."

Kafinta ya toshe nasa hancin. "Fan."

"Encore."

"Fan."

"Voilà!" Ta nuna Auta.

"Fam," ya ce, ya sunkuyar da kai don kunya.

Ta ɗauki faranti ta zuba masa ludayi huɗu cif, tana ƙirgawa yana maimaitawa. Ta nuna cokali ta faɗi sunansa, ta nuna ruwa, ta nuna ƙofa. In ya karkace ta buge masa hannu da mafici, ya gyara, su yi dariya tare.

"Lokaci ya ƙare tun ɗazu," in ji Hedimasta. "Auta, gaya mata na riga na ba da maki."

"Ba sai ta gaya ba. Na ji."

Hedimasta ya dubi Auta, Auta ta dubi Kafinta, Kafinta ya dubi ƙofa. Kaka ce ta yi maganar, da Hausa, mai ɗan karkata amma ba wanda bai gane ba.

"Kaka!" Auta ta dafe baki. "Yaushe?"

"Rediyo. Maƙwabta. Mai kayan miya. Kunne na da, ba a rufe ba." Ta juya ga surukinta. "Duk ina ji. Ranar da ka ce miyata gishiri kamar teku, na ji. Ranar da ka ce ina minshari kamar injin niƙa, na ji."

Hedimasta ya lalubi kujera ya zauna.

"Shekara uku," in ji Kaka, ta ɗaga yatsu. "Ina jira bonjour ɗaya daga bakinka. Ɗaya. Kai malami, ka koya wa yara dubu. Ni, hannu kawai kake ɗaga mini kamar mai tsaida mota. Na ce to, ni ma na yi shiru, mu gani wa zai gaji." Ta nuna Kafinta da ludayi. "Wannan, sati biyu. Ya yi kuskure babba, mata huɗu. Bai gudu ba. Ya ce koya mini. Gidansa zan zauna."

Hedimasta ya kalli takardar makinsa, ya ninke ta biyu, ya sake ninkewa.

"Kai, in ka gama cin abincin, zo in raka ka."

Kafinta ya haɗiye lomar da ke bakinsa ba tauna. Ya bi shi har waje, yana jiran kora ta ƙarshe. A bakin ƙofar gida Hedimasta ya tsaya, ya duba titi sama da ƙasa, ya tabbatar ba kowa.

"Abin nan da ka faɗa da ka durƙusa," ya ce, bai kalle shi ba. "Na farkon. Na ban haƙuri."

"Fardo, ranka ya daɗe."

"Fardo."

"Ka ɗan toshe hanci a ƙarshe."

"Kar ka koya mini aikina." Ya yi gyaran murya. "Fardon."

"Ya yi, Baba."

Hedimasta ya juya ya koma ciki, yana maimaitawa ƙasa-ƙasa kamar ɗalibin da ke tsoron kar ta zube kafin ya kai aji.

Ya kamata Kafinta ya tafi. Maimakon haka ya lallaɓa jikin tagar falo ya kasa kunne.

Sannan ya ji muryar da ta shekara talatin da biyar tana tsawata wa yara, yau tana rawa.

"Fardon, Mama."

Ya ji shessheƙar Auta. Ya ji ƙarar ludayi a bakin tukunya.

"Ba komai, ɗana," in ji Kaka. "Zauna ka ci. Yau ban sa gishiri da yawa ba."

Kafinta ya share ido da hannun sabuwar rigarsa. Yana shirin zamewa aka yaye labulen tagar, fuskar Hedimasta ta bayyana, ido jawur.

"Laɓe kuma? A gidan naku haka aka koya maka?"

"A'a, ranka ya daɗe, takalmina nake nema."

"Yana ƙafarka. Wuce ka gaya wa kawunka ina jiransa ranar Laraba. Kuma ya zo da Hausa."